Kabarin da Aka Tone: Tsokaci a Kan Littafin De purs hommes da Matsayin Aminci a Adabinmu

Gabatarwa

A kasuwar littattafan Amurka da Faransa akwai wani reshe na labaran soyayya da ya bunƙasa tun lokacin da littafi ya bar takarda ya shiga wayar hannu. Zubinsa kusan ɗaya ne ko da yaushe: ƙaramin gari inda kowa ya san kowa, samari biyu da suka tashi tare tun suna wasan ƙasa, ɗaya ya tafi birni neman abin kansa ya komo, sai abotar shekara da shekaru ta rikiɗe ta zama soyayya. A sha ɗan tsegumi, iyaye su yi fushi su huce, a rufe littafi kowa na murmushi. Galibin masu rubuta irin waɗannan labarai da masu karanta su mata ne, kamar dai yadda abin yake a littattafan soyayya na Kano. Da Faransanci ana samun su birjik a intanet, wato ke nan duk ɗan lise da ke riƙe da waya a Zinder ko Mirriya yana iya cin karo da su ba tare da ya nemi izinin kowa ba.

Duk wanda ya zauna a gari irin Gaffati, inda mai shayi ya san wanda ya kwana a gida da wanda bai kwana ba, ya san cewa wannan labari ba zai ƙare da murmushi a wurinmu ba. To, yaya yake ƙarewa? Marubutan Afirka ta Yamma kaɗan ne suka tunkari wannan tambaya. Wanda ya fi kusa da mu ta fuskar addini da al'ada da harshen makaranta shi ne Mohamed Mbougar Sarr, ɗan ƙasar Senegal, a littafinsa mai suna De purs hommes, wanda kamfanonin Philippe Rey na Paris da Jimsaan na Dakar suka buga a 2018. Sunan littafin yana da harshen damo: ana iya fassara shi da "maza tsarkaka", ana kuma iya cewa "mutane zalla".

Kafin a yi nisa ya kamata a share fage. Hukuncin luwaɗi a Musulunci sananne ne, malamai ba su yi saɓani a kan haramcinsa ba, kuma ba aikin mai sharhin adabi ba ne ya taɓa shi. Aikin mai sharhi shi ne ya auna littafi, ya ga me ya faɗa game da ɗan Adam, ina ya yi gaskiya, ina kuma ya kauce. Akwai kuma dalilin da ya sa ya dace a yi wannan awo da Hausa. Kundin sake gina ƙasa da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, ya bar Faransanci a matsayin harshen aiki. Shekaru da dama ƴan bokonmu sun saba da wata dabara: abin da suke jin nauyin faɗa da Hausa sai su faɗe shi da Faransanci, kamar mai ɗibar garwashi da marfin kwano. Harshen da aka ɗora wa nauyin ƙasa kuwa tilas ne ya koyi ɗaukar irin wannan magana da kansa, cikin ladabi da natsuwa.

Marubucin da labarinsa

An haifi Sarr a Dakar a 1990, ya tashi a garin Diourbel, ya yi karatu a makarantar soja ta Saint-Louis kafin ya wuce Faransa. De purs hommes shi ne littafinsa na uku, kuma da ya fito bai ta da wata ƙura mai yawa ba. Sai a watan Nuwamba na 2021, da ya ci kyautar Goncourt da littafinsa na huɗu, La plus secrète mémoire des hommes, ya zama baƙar fata na farko daga Afirka kudu da Sahara da ya same ta, sannan aka koma aka tono na 2018. Waɗanda suka yi masa barka da safe suka janye ta da yamma, ƙungiyar Jamra ta Dakar ta zarge shi da tallata alfasha, da yawa kuma daga cikin masu zagin nasa a Facebook abin da suka gani bai wuce ƴan layukan da aka yanko daga littafin ba.

Labarin bai kai shafi 200 ba. Babban tauraronsa, wanda kuma shi ke ba da labarin da bakinsa, shi ne Ndéné Gueye, matashin malamin adabin Faransanci a jami'a a Dakar. Wata rana da dare budurwarsa Rama ta nuna masa wani hoton bidiyo da ke yawo a wayoyin jama'a: taron mutane a maƙabarta sun tone wani sabon kabari, sun jawo gawar wani saurayi sun fitar, domin an ce shi goor-jigeen ne, wato "namiji-mace" da harshen Wolof. Da fari Ndéné bai damu ba, har ma ya yi wata magana ta ko-in-kula wadda ta ɓata wa Rama rai. Amma hoton ya ƙi barin zuciyarsa. Ya shiga neman sanin wane ne mamacin, har ya kai ga mahaifiyarsa, wadda ta binne ɗanta a cikin gidanta da babu maƙabartar da za ta karɓe shi. Ana cikin haka ma'aikatar ilimi ta aiko da takardar gargaɗi a kan koyar da marubutan da aka sani da wannan hali, shi kuwa ya ci gaba da koyar da waƙoƙin Verlaine, ɗalibai suka ƙaurace masa, aka dakatar da shi. Mahaifinsa, dattijo mai riƙon limanci a masallacin unguwa, ya la'anci aikin a huɗuba amma ya nemi a roƙa wa mamacin rahama, sai hakan ya zubar masa da daraja a idon mamu. Daga ƙarshe jita-jita ta juyo kan Ndéné kansa.

Tushen labarin ba ƙage ba ne. A 2009 an tone gawar wani saurayi a garin Thiès bisa irin wannan zargi, hotunan suka bazu. A watan Oktoba na 2023, shekara biyar bayan fitowar littafin, an sake tone wata gawa a Kaolack aka banka mata wuta a bainar jama'a, hukuma ta kama wasu daga cikin waɗanda suka aikata.

Jigo: gawa da jita-jita

Mai karatun da ya buɗe wannan littafi yana neman labarin soyayya zai rufe shi hannu rabbana. Babban jigonsa shi ne abin da taron jama'a ke aikatawa idan ya naɗa kansa alƙali. Ƙwarewar marubucin ta fi fitowa a wani zaɓi guda da ya yi: har littafin ya ƙare ba a tabbatar wa mai karatu cewa saurayin da aka tone ya aikata abin da aka zarge shi da shi ba. Babu shaida, babu iƙirari, babu alƙali, "an ce" kawai aka riƙa. Da Sarr ya tabbatar da laifin, da gardamar ta koma kan hukunci. Da ya wanke shi tas, da mai karatu ya samu mafita mai sauƙi, ya ce kuskure aka yi, ba wannan ya kamata a tone ba. Da ya bar abin a rufe, sai ya tilasta mana duban masu riƙe da shebur.

A nan ne nake ganin mai karatu Bahaushe ya fi na Paris kayan aikin fahimtar littafin. Duk almajirin da ya kai babin jana'iza a Risala ta Ibn Abi Zaid ya san cewa ana yi wa wanda ya kashe kansa salla, ana kuma yi wa wanda aka kashe ta hanyar haddi ko ƙisasi, shugaban da ya zartar da hukuncin ne kawai ba ya tsayawa a kansa. Ya san hadisin da ya daidaita karya ƙashin mamaci da karya ƙashin rayayye. Ya san Suratul Hujurati ta hana mummunan zato da bin diddigin asirin mutane, ya kuma san nauyin shaidar da shari'a ta ɗora wa mai tuhumar wani da alfasha, da bulala 80 da ke jiran mai ƙazafi. Saboda haka dattijon limamin da ya nemi a yi wa mamacin addu'a bai yi sassauci a addini ba. Shi ne ya tsaya a kan abin da littattafan fiƙihu suka ce, mamun da suka juya masa baya su ne suka bar littafi suka bi hayaniya. Wannan dattijo, a ganina, shi ne tauraron da aka fi ƙera shi da kyau a duk littafin. Yana ƙin aikin har zuciyarsa, yana son ɗansa, yana tsoron Allah, yana kuma jin kunyar idon jama'a, marubucin bai bar ɗaya daga cikin waɗannan ya haɗiye sauran ba. Irinsa suna nan a kowane zaure daga Birni zuwa Zango.

Sai kuma wayar hannu, wadda kusan tauraruwa ce ita ma. A da, tsegumi yana tafiya da ƙafa, yakan gaji a hanya, kuma akwai dattawan da ke iya tare shi su ce a rufa asiri. Hoton bidiyo ba ya gajiya, ba ya jin maganar dattijo. Sarr ya nuna yadda kowa ke kallon hoton yana cewa tir, yana kuma tura wa na gaba. Masu iya magana sun ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Abin da ya shiga waya kuwa ya fi bunu wuyar maidawa.

Goor-jigeen da ɗan daudu

Wani sashe na littafin da zai yi wa Bahaushe kama da labarin gida shi ne na Samba Awa Niang, namiji mai shigar mata wanda ke jan ragamar taron kiɗan sabar, mata na yi masa liƙi, maza na zaginsa, alhali littafin ya nuna cewa sana'a ce yake yi, ba ya cikin masu neman maza. Ta bakinsa da na wasu dattawa marubucin ya bayyana cewa a da kalmar goor-jigeen suna ce ta wani matsayi a cikin al'umma: masu hidimar manyan mata, masu girkin biki, masu iya habaici. Daga baya ne aka cusa mata ma'ana guda ɗaya tak, ta zama tuhuma.

Haka tarihin kalmar ɗan daudu yake. An san ƴan daudu da tuyar kaji da sayar da abinci a tasha da kasuwa, da zama a gidajen mata masu zaman kansu, da kusanci da ƴan bori, da zalaƙar baki. Malamai sun daɗe suna yi musu wa'azi a kan kamanta kai da mata, jama'a kuma sun daɗe suna sayen abincinsu suna dariyar maganarsu. Har marigayi Rabilu Musa Ibro ya fito a fim a matsayin ɗan daudu, aka yi ta kallo a gidaje. Rudolf Gaudio, wanda ya yi bincike a Kano a shekarun 1990 ya kuma fitar da littafinsa Allah Made Us a 2009, ya nuna cewa daudanci da neman maza abubuwa biyu ne da kan haɗu a mutum guda, su kuma rabu: akwai ɗan daudu mai mata da ƴaƴa, akwai kuma mai rawani da gemu wanda babu mai zarginsa. Tun daga ƙaddamar da shari'a a jihohin arewacin Nijeriya a 2000, zuwa dokar tarayya ta 2014 mai ɗaurin shekara 14, zuwa sababbin dokokin Mali a 2024 da Burkina Faso a 2025, wannan bambanci yana ta dusashewa a bakin jama'a. Ribar da mai nazarin harshe zai samu a littafin Sarr ita ce ganin yadda kalma kan ƙuntata har ta zama makami, kuma wanda ya fi fitowa fili, mafi yawa talaka, shi makamin ke fara sara.

Verlaine a cikin aji

Rigimar Ndéné da ɗalibansa ta shafi duk wanda ya taɓa riƙe alli yana koyar da Faransanci. Paul Verlaine ya haɗu da Arthur Rimbaud a 1871, ya bar matarsa da jaririnsa ya bi shi, ya harbe shi a hannu a Bruxelles a 1873, aka yanke masa ɗaurin shekara biyu, a kurkuku ya koma ga addininsa na Kirista, daga nan ya rubuta waƙoƙin tuba da aka tara a diwaninsa Sagesse. Duk da wannan tarihi, ɗalibai a ƙasashen da ke karatu da Faransanci sun yi shekaru suna haddace waƙoƙinsa a kan damina da kaka da kewar zuciya, ba a kuma taɓa jin wanda waƙar ruwan sama ta lalata ba. Tambayar ɗaliban Ndéné ita ce: ana iya raba waƙa da mawaƙinta?

Sarr ya sa tauraronsa ya amsa da hujjojin jami'o'in Faransa, ɗaliban kuma suka ƙi saurara, domin a kunnensu bature ne ke kare bature. Da ya waiwaya gida da ya samu amsa mafi ƙarfi. Malaman Larabci ba su fitar da Abu Nuwas daga tarihin waƙa ba, ko da yake sun san giyarsa da sauran halayensa. Sun ɗauki fasaharsa suka bar masa aikinsa tsakaninsa da Ubangijinsa. Ibn Hazm na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1064, babban malamin fiƙihu ne mai tsanani, amma a littafinsa Ɗauƙul Hamama ya kawo labaran so iri-iri, har da na namiji ga namiji, ya bayyana yadda so ke kama zuciya ba da shawararta ba, sannan ya rufe da babi a kan munin saɓo da babi a kan falalar kamewa. Ke nan al'adarmu ta ilimi ta daɗe da rarrabe bayyana abu da halatta shi. Rashin wannan murya a littafin giɓi ne babba, domin ya sa gardamar ta zama kamar tsakanin boko da addini ce kawai.

Inda littafin ya yi rauni

Rauni na farko a salo yake. Sarr ya iya jimla, amma yakan mai da taurarinsa masu lacca. Angela, ma'aikaciyar wata ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam, da dattijon malami Coly, kowannensu yakan buɗe baki ya zuba shafi biyu na hujjoji, ɗaya yana cewa abin ya daɗe a Afirka, ɗaya yana cewa fitowa fili irin ta Turawa ce ta ɓata zaman da ake yi a da. Ra'ayoyin suna da amfani, sai dai a wuraren labarin yakan tsaya cik kamar motar da ta shiga yashi. Ita ma Rama an ƙera ta ne don ta zama ƙaya a jikin Ndéné: ba ta da dangi, ba ta da tsoro, ba a ganin abin da za ta rasa. Bugu da ƙari, akwai wuraren da aka bayyana saduwa filla-filla ba tare da labarin ya ƙaru da komai ba, waɗannan ne kuma aka yanko a 2021 aka yaƙi littafin da su.

Rauni na biyu ya fi nauyi. A kashi na ƙarshe Ndéné ya fara tuhumar zuciyarsa, tausayin da yake ji ga mamacin ya soma gauraya da wani abu mai kama da sha'awa, har ya yanke shawarar fita ya fuskanci masu zarginsa ya amsa sunan da suka laƙaba masa. Ana iya karanta wannan a matsayin jarunta, mutum ya ɗauki tuhumar da aka kashe wani da ita ya rataya a wuyansa. Amma ina ganin marubucin ya ba taron jama'a abin da suke nema ba tare da ya lura ba. Hujjar masu shebur tun farko ita ce, duk wanda ya tausaya wa irin wannan gawa to shi ma nasu ne. Littafin ya kwashe shafuka yana rusa wannan hujja ta hanyar dattijon liman da mahaifiyar mamacin, sai ga shi a ƙarshe ya sa mai ba da labarin ya zama shaidarta. Da Ndéné ya tsaya a matsayin mutumin da ba ya jin komai game da maza amma ya ƙi yarda a wulaƙanta gawa, da littafin ya fi wuyar turewa a Dakar da Damagaram baki ɗaya.

Rauni na uku ya dawo da mu kan labarin abokan nan biyu na ƙaramin gari. Dangantaka mai tsawo guda ɗaya da ke littafin tsakanin maza biyu ita ce ta malam Coly, kuma ba mu san da ita ba sai bayan asiri ya tonu, jama'a sun far masa. Yadda aka fara, da abin da aka ɓoye wa iyali shekara da shekaru, duk an bar su a duhu. Fim ɗin Dakan, wato "ƙaddara", wanda Mohamed Camara na ƙasar Gini ya nuna a bikin Cannes a 1997, ya bi ta ɗaya ɓangaren: ƴan lise biyu, Manga da Sory, iyaye suka raba su, aka kai ɗaya wurin mai magani, aka yi wa ɗaya aure har ya haihu, daga ƙarshe suka shiga mota suka tafi tare. Camara ya ari ƙarshen labaran soyayya na Turai, kyamararsa ta bi motar, ta bar matar Sory da goyo a ƙauye babu mai tambayar yadda za ta kwana. Marubuciya irin Balaraba Ramat Yakubu, wadda ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne a 1990 a kan Rabi da mijinta ya kora da ƴaƴa tara, da daga ƙofar wannan mata za ta fara nata labarin.

Aminci a adabin Hausa

Abin da littattafan Turai da fim ɗin Camara da littafin Sarr suka yi tarayya a kai shi ne, babu wanda ya ɗauki abota a matsayin abu mai cin gashin kansa. A labaran Amurka matakala ce da ake takawa a hau zuwa soyayya. A wurin Sarr kusantar namiji da namiji ƙofa ce ta tuhuma. Bahaushe kuwa yana da tsani mai hawa-hawa: akwai abokin wasa, akwai abokin tafiya, akwai abokin shawara, sannan akwai amini, wanda ake ba ajiyar dukiya da ta asiri, wanda yake zama babban abokin ango, ya karɓi riƙon marayu in ta Allah ta kasance. Samari biyu su riƙe hannu suna tafe a kasuwar Dole, ko su kwana a shago ɗaya tun daga kaciya har aure, ba abin da ya taɓa sa wani ya ɗaga gira ba ne. Fada ma, wadda ta samo asali a Zinder a shekarun 1990 ta bazu ko'ina a Nijar, wadda Adeline Masquelier ta rubuta littafi sukutum a kanta a 2019, gida ce ta wannan abota: samarin da ba su da aiki ba su da halin aure suna haɗa kuɗin shayi, suna ɗaukar nauyin juna ranar ciwo da ranar suna.

Me adabinmu ya yi da wannan dukiya? Kaɗan ƙwarai. Tun daga Jiki Magayi na gasar 1933, zuwa So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980, zuwa In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a farkon shekarun 1990, idon marubuci yana kan saurayi da budurwa da wanda ya shiga tsakaninsu. Aboki ɗan rakiya zance ne, ko mai kai wasiƙa, ko maci amanar da zai ƙwace budurwa. Wanda ya rubuta abotar samarin Hausa da nauyinta shi ne Elnathan John a Born on a Tuesday na 2015, inda almajiri Ɗantala da amininsa Jibril ke musayar Larabci da Turanci a wani masallaci a Sakkwato. A littafin kuma Ɗantala ya ga abin da bai kamata ya gani ba tsakanin wasu yara biyu, abin ya dame shi, marubucin bai mai da amincinsa da Jibril wani abu daban ba saboda haka. Sai dai da Ingilishi aka rubuta shi.

Akwai dalilin wannan shiru. Marubucin Hausa yana rubutu ne ana leƙen kafaɗarsa: an kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i a Kano a 2001, a 2007 kuma gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a. Amma shirun yana da farashi. Idan yaro bai sami labarin aminci a harshensa ba, ya kuma sami labarai ɗari a waya masu cewa duk abota mai zurfi soyayya ce da ba ta gane kanta ba, sannan ya ji unguwa na cewa duk abota mai zurfi abin zargi ce, to ɓangarorin biyu darasi guda suka koya masa. Sakamakon shi ne ya saki hannun amininsa a kasuwa. Wanda ke zaune da samari a aji ko a fada ya san an fara jin irin wannan ba'a, ya kuma san cewa kalma ɗaya a gari irin Gaffati tana iya hana yaro makaranta, ta hana ƙanwarsa miji.

Kammalawa

De purs hommes ba littafin da za a miƙa wa ɗan aji uku na kwaleji ba ne, kuma wanda ya ajiye shi saboda wasu shafukansa yana da uzuri. Amma malamai da limamai masu jin Faransanci da marubutanmu za su ƙaru da shi, in sun karanta shi dukansa da idon mai awo. Ya yi gaskiya a kan jita-jita da haƙƙin gawa da halin taron jama'a. Ya yi rauni a yawan lacca, da mantawa da taskar malaman Musulunci, da ƙarshen da ya gauraya tausayi da sha'awa. Giɓin da ya bari kuwa na marubutan Hausa ne su cike: labarin aminai biyu a ƙaramin gari, da abin da "an ce" ke yi musu, da iyayensu, da matansu, da dattijon da zai tashi a zaure ya tambayi mai tuhuma ina shaidunsa. Kalmomin wannan labari duk muna da su, daga amana zuwa sutura zuwa ƙazafi, ba sai mun aro ko ɗaya ba. Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya kuma kiyaye harsunanmu daga mutuncin bayinSa, rayayyu da matattu.